Littafin aikin raba intanet a gida, daga falo zuwa ɗakin baya

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Na buɗe wannan littafi ne don kada in riƙa maimaita gwajin da na riga na yi. Wata uku ke nan da aka ja mana layin faiba, wato wayar intanet mai tura bayani da haske, megabit 100 wajen saukewa, 20 wajen ɗorawa. Ranar da ma'aikatan kamfanin suka zo, inda ya fi musu sauƙi nan suka kafa akwatinsu, wato kusurwar falo, bayan talabijin, cikin kabad. Ni ma ban ce komai ba, ganina ya ɓoye wayoyin da kyau.

A falo intanet ba laifi. A ɗakinmu da dama-dama. Ɗakin baya kuwa, inda ƙanwata take darussanta ta bidiyo, sai ta fito bakin ƙofa ta ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Na ƙirga abin da ke shan wannan layi a gidan: wayoyi takwas, laftof uku, talabijin, firinta da kyamarar ƙofa. Goma sha huɗu, ban da na baƙi.

Niyyata in sayo wata ƙatuwar rauta, wato na'urar raba intanet a gida, da na gani, mai eriya takwas a tsaye kamar gizo-gizo ya juya ciki sama. Na tura wa wani abokina da ke sana'ar haɗa netiwok hotonta. Amsarsa gajera ce: "Malam, ka auna tukuna? Kada ka bar jaki kana dukan taiki." Na ɗan ji haushi, amma na fasa sayen yau.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Awo. Na fara da jona laftof kai tsaye da kebul a jikin akwatin kamfani, na samu 94 saukewa, 19 ɗorawa. Wannan daidai ne, domin kowane ƙunshin bayani yana tafiya da adireshi da wasu bayanan hanya, su ne ke cinye ɗan abin da ya ɓace. Kamfani dai ya fita daga zargi. Uwargida ta leƙo ta ce ai ita ba ta taɓa ganin fayil yana sauka da gudun 94 ba, sai 11 ko 12. Ita ma gaskiyarta. Kamfani da megabit yake lissafi, wayarta da megabait, kuma bit takwas ne bait ɗaya. Megabit 100 megabait 12.5 ne a sakan.

Sai na sa manhajar auna sigina a waya na zagaya gidan da takarda da biro. Ma'aunin shi ne dBm, lambobinsa kuma a ƙasa da sifili suke, wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi. Falo -45. Ɗakinmu -68. Kicin -74. Kan teburin ƙanwata -83. Mutum zai ga tazarar 68 da 83 kamar ba wani abu ba ce, alhali duk ragin 3 rabin ƙarfin ne ya tafi, duk ragin 10 kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya saura. Abin da ke isa teburin nan bai kai kashi ɗaya cikin talatin na abin da ke isa ɗakinmu ba.

Kafin in kashe ko sisi na fito da akwatin daga kabad, na ɗora shi a kan kanta a sarari. Ɗakinmu ya koma -61. Ɗakin baya ya motsa kaɗan, -79, wanda har yanzu ba ya amfanar kowa. Bango uku na siminti ne a tsakani, ɗaya ma bangon banɗaki ne mai tayil da fayif ɗin ruwa a ciki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kwana uku ina karanta bayanan da ke jikin kwalayen rauta, kuma na gano lambobin nan manya haɗin gambiza ne. Wadda aka rubuta wa AX3000, an tara megabit 574 na zangon rediyon 2.4 GHz ne da 2402 na zangon 5 GHz, aka cike zuwa dubu uku. AC1200 kuwa 300 ne da 867. Babu wayar da ke hawa zangunan biyu ta haɗa gudunsu haka, kuma ko 2402 ɗin sai kana tsaye a gaban na'urar da wayar da ta iya, a hakan ma abin da za ka gani a aikace ya gaza haka nesa. Wani abin da ya fi ba ni mamaki, akwai masu AC1200 da ramukan kebul ɗinsu 10/100 ne. A gaban kwali dubu da ɗari biyu, a ƙofar shigowa ɗari. Sai ka juya bayan kwali ka nemi inda aka rubuta gigabit, wato megabit dubu, ko 10/100/1000.

Sunayen ma sai da na zauna na warware su. Tun 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa wa mutane: 802.11n na 2009 shi ne Wi-Fi 4, 802.11ac shi ne Wi-Fi 5, 802.11ax shi ne Wi-Fi 6, sai 6E da ya ƙaro zangon 6 GHz, sai Wi-Fi 7 da aka fara ba wa na'urori shaidarsa a farkon 2024. A gidanmu babu na'ura ko ɗaya da ta san 6 GHz. Kuma duk yadda zango ya yi sama, haka yake ƙara kasa ratsa bango. Wi-Fi 6 ya ishe ni har da saura.

Batun eriya takwas ɗin nan, abokina ya kashe shi da misali ɗaya. Ya ce Wi-Fi hira ce, ba wa'azi ba. Ko ka ba rauta lasifika ta yi ihu har ɗakin baya, wayar da ke can da 'yar ƙaramar eriyarta da batirinta za ta amsa, kuma amsar tata raɗa ce a bayan bango uku. Sandunan sigina su cika a fuskar waya, shafi ya ƙi buɗewa. Na tuna sau nawa na ga haka a wasu wurare ina zagin kamfanin da bai ji ba bai gani ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na aro ripita, 'yar na'urar nan da ake soka wa a soket ta karɓi sigina ta sake watsawa. Na fara sa ta a ɗakin baya, wanda wauta ce, tunda abin da ta tarar a can shi za ta maimaita, kuma ba ta tarar da komai ba. Na dawo da ita lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki. Sanduna suka cika a wayar ƙanwata, ta yi tsalle, "Yaya, ya zo!" Na auna: megabit 17, wani lokaci 9. Da rediyo ɗaya take saurare kuma da shi take magana, ba ta iya yin biyun a tare, don haka duk abin da ya bi ta cikinta sai ya rabu kusan biyu. Da daddare aka fara darasi, minti goma bai cika ba hoton malamar ya daskare da baki a buɗe.

Na yi tunanin na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida. Na bar su, saboda aikinsu ya dogara da yadda aka ja wutar, kuma ɗakin baya daga baya aka ƙara shi, layinsa daban. Ba na son sayen abin da sai na kawo gida zan san ko zai yi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na mayar wa mai ripita kayansa da godiya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Abin da ya buɗe mini ido shi ne gane cewa akwatin da muke kira rauta ma'aikata huɗu ne a riga ɗaya. Akwai mai juya hasken faiba zuwa bayanin da kwamfuta ke ganewa. Akwai rautar kanta, mai raba adireshi ga na'urorin gida da tsaron ƙofa tsakaninsu da waje. Akwai suwic, wato ramukan nan huɗu na baya. Sannan akwai mai watsa Wi-Fi, wanda 'yan sana'ar ke kira AP. Ukun farko ba ruwansu da inda aka ajiye su, ko a sito ne. Na huɗun ne kaɗai ke bukatar zama kusa da mutane. To me zai sa in canza duka huɗun don ɗaya ya zauna a mugun wuri?

Shawarar da na tsayar: AP biyu na Wi-Fi 6 irin na maƙalawa a silin, ɗaya a tsakiyar gida, ɗaya a ɗakin baya, kowanne da kebul ɗinsa zuwa suwic mai rami takwas. Suwic ɗin mai PoE ne, yana tura wuta ta cikin kebul ɗin bayanan, ba sai na nemi soket a silin ba. Ƙa'idar 802.3af tana ba da wat 15.4 a rami, 802.3at kuma wat 30. Na duba takardar AP ɗin, af ya ishe su, na kuma duba jimillar wat da suwic ɗin ke iya bayarwa gaba ɗaya, don wannan lambar daban ce kuma a ƙananan haruffa ake rubuta ta.

Na san akwai tsarin mesh, na'urori biyu ko uku da ke magana da juna ta iska. Ga wanda ke haya kuma ba a yarda ya huda bango ba, shi ne mafita. Amma su ma bangon nan uku za su ratsa kafin su ji juna, kuma masu ƙera su da kansu suna ba da shawarar a haɗa su da kebul idan da hali.

Kebul na ɗauki Cat6. Cat5e ma yana ɗaukar gigabit har mita 100, mafi tsawon nawa kuwa mita 27 ne, amma wahalar ja sau ɗaya nake son yi. Abokina ya ja mini kunne kan wanda aka rubuta wa CCA, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Yana saurin karyewa, kuma yana ɗaukar zafi idan wuta na bi ta ciki. Na kankare silin waya ɗaya da wuƙa kafin in karɓa. Ja ne har ciki.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau jikina ya gaya mini. Tun safe ina cikin silin da tocila a baki, ƙanwata a ƙasa tana jan igiyar da muka ɗaura wa kan kebul. Na raba hanyarsa da ta wayoyin wuta, inda dole su haɗu na sa su gitta juna maimakon su jera. Wurin da ya fita waje zuwa ɗakin baya na sa shi cikin fayif saboda rana da ruwa.

Sai matse kawunan. Wayoyi takwas ne a ciki, tagwaye huɗu a murɗe, kuma jerin da na bi shi ne T568B: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ana warware su, a miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni har su kwanta kamar haƙoran mataji, a yanke bakinsu daidai, a tura cikin kan roba har ka hango ƙyallin jan ƙarfe takwas a ƙarshensa, sannan a matse da filayar. Na lalata kai biyar kafin hannuna ya faɗa. Koren nan da ke tsallake shuɗi shi ya fi rikita ni.

Na jona kebul ɗin ɗakin baya, fitilar suwic ta kama, amma ruwan goro, ta ɗayan kuwa koriya. Na gwada da iperf3, manhajar auna gudu, tsakanin laftof biyu. Kebul na tsakiyar gida 940, na ɗakin baya 94. Da farko na ce a bar shi, ai layin namu ma ɗari ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na aro testa, na'urar gwada kebul, fitilunta suna bi ɗaya bayan ɗaya, 1, 2, 3, har 7, ta takwas shiru. Wayar ruwan ƙasa ba ta kai ƙarshe ba, haƙorin bai cije ta ba. Gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake bukata, ta 1, 2, 3 da 6, gigabit kuwa sai takwas ɗin sun cika. Shi ya sa bai mutu ba, ya dai koma ƙaramin gudu ba tare da ya gaya wa kowa ba. Na yanke na sake. Koriya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

AP biyu sun hau silin. Kan teburin ƙanwata yanzu -48, gudu 92. Na kashe Wi-Fi na akwatin kamfani gaba ɗaya.

Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya na ba su, don waya ta riƙa sauya sheƙa da kanta. A 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna, 1, 6 da 11. Maƙwabta sun cika 6, na ba ɗaya 1, ɗayan 11, faɗin 20 MHz. A 5 GHz na sa 36 da 44 da faɗin 40, na kauce wa tashoshin 52 zuwa sama da ke tilasta wa na'ura ta bar tashar idan ta ji siginar rada, na'urar nan ta hango jirage da yanayi. Abin da ban zata ba shi ne sai da na rage musu ƙarfi. Waya ce ke yanke shawarar lokacin da za ta saki AP ta kama wani, kuma muddin tana jin na farko ko da ƙyar, sai ta manne masa. Da na mayar da 2.4 GHz ƙasa-ƙasa, na 5 matsakaici, sai na ga tana sauyawa tun a lungun banɗaki.

Firinta ta ƙi shiga sam. WPA3 na sa, tsarin tsaron Wi-Fi da ya fito a 2018, ita kuma WPA2 kaɗai ta sani. Na buɗe mata wani suna daban a 2.4 GHz ita da kyamarar ƙofa, na raba su da sauran gidan. Baƙi ma nasu daban. Na kashe WPS, hanyar shiga Wi-Fi da lamba ko maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, tun 2011 aka nuna ana iya fasa lambarsa. Na kuma canza kalmar sirrin shiga saitin kowace na'ura, don a 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai da irin kalmomin da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta ta kame kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na ɗauka an gama. Ƙarfe tara na dare ƙanwata ta turo saƙo daga ɗakin baya, ko tasowa ba ta yi ba: "Yaya, abin nan naka fa bai daina ba." Na je. Sigina cike, gwajin gudu lafiya, amma muryar malamar tana yankewa.

Na bar ping, mai auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana gudu na zauna ina kallo. Milisakan 18, 20, 19, sai kwatsam 640, 710, 580, ya daɗe a haka sannan ya sauko. Na zagaya gidan ina tambaya wa ke yin me. Babu mai yin komai, wai. Ashe uwargida ta sa wayarta a caji, wayar kuma ta fara kwashe bidiyoyin ranar tana ɗorawa ma'ajiyar intanet. Megabit 20 ɗin ɗorawa ya cika maƙil. Idan hanyar fita ta cika, akwatin ba ya zubar da komai, sai ya tara a dogon layi, muryar ƙanwata ta shiga bayan bidiyon wani ta jira. Jim Gettys ne ya yi wa wannan ciwo suna bufferbloat a 2010. Ƙarin sigina ba ya maganinsa. Kuma na tabbata rabin kukan da ake yi a gidan nan tun farko wannan ne, bangon ya ɓoye mini shi.

Maganin shi ne rauta mai iya tsara layin da kanta, abin da ake kira SQM. Na bincike saitin akwatin kamfani ciki da bai, babu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

To ga shi dai na sayi rauta, amma ba gizo-gizon ba. 'Yar ƙarama ce mai ramukan gigabit, kuma kafin in saya sai da na tabbatar sunanta da lambar zubinta suna cikin jerin na'urorin da OpenWrt, wata manhajar tafiyar da rauta, ke hawa. Manhajar nan ta samo asali ne a 2004 daga rautar Linksys WRT54G, bayan kamfanin ya saki lambobin manhajarsa da aka gina kan Linux, kuma har yau masu sa-kai ke raya ta.

Na jona ta bayan akwatin kamfani, intanet ya ɗauke a gidan gaba ɗaya. Rabin awa ina zufa, ana leƙowa ana tambayata. Dalilin abin dariya ne: akwatin kamfani 192.168.1.1 yake, OpenWrt ma da 192.168.1.1 take zuwa. Gida biyu lamba ɗaya a layi ɗaya. Na mayar da tawa 192.168.10.1, komai ya dawo.

Saura matsalar rauta biyu a jere, kowacce tana juya adireshi. Yawancin abubuwa ba sa damuwa, amma wasannin intanet da wasu kiraye-kiraye suna yi. Na kira kamfani na roƙi su mayar da akwatinsu gada kawai, ya miƙo layin ga tawa. Na farkon da ya ɗauka ya ce in kashe in kunna. Ta biyun ta gane nan take, ta ba ni sunan shiga da kalmar sirrin PPPoE, wato hanyar da rauta ke shiga layin kamfani. Da layin ya hau sai na ga adireshin da aka ba ni ya fara da 100.64, wato kamfanin ma yana haɗa mu da wasu a adireshi ɗaya daga can wajensa. Ke nan buɗe ƙofa don kallon kyamara kai tsaye daga waje ba zai yiwu ba. Na ajiye wannan gefe.

Na sa luci-app-sqm, manhajar SQM ta OpenWrt, na zaɓi salon tsara layi mai suna CAKE, na rubuta 85 saukewa, 17 ɗorawa. Dabarar ita ce ka sadaukar da kaɗan daga gudunka don layin jiran ya dawo cikin rautarka, inda za ta iya raba shi da adalci, maimakon ya taru inda ba ka da iko. Na sa uwargida ta sake ɗora bidiyo da gangan, na kunna wani a talabijin, ina kallon ping. 21, 24, 23, 26.

Talata, 5 ga Nuwamba

Darasi biyu a jere babu saƙo daga ɗakin baya. Na ɗaga ɗorawa zuwa 18, ping bai motsa ba. Na gwada 19, ya fara tsalle, na koma 18.

Abin da ban hango ba shi ne ɗaukewar wuta. Na tanadi ƙaramin batir mai bolt 12 don akwatin kamfani da rauta, su biyun ba sa cin wani abin kirki. Jiya wuta ta ɗauke, su biyun suna ta ƙyafta fitila, gidan kuma babu Wi-Fi ko ɗigo, domin suwic mai PoE wajen bolt 50 yake aiki da shi, kuma shi ke ciyar da AP duka biyu. Na wucin gadi na kunna Wi-Fi na sabuwar rautar da wani suna, ya riƙe falo. Ɗakin baya sai na samo UPS, akwatin batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke, da zai ɗauki suwic ɗin. Na ari mitar auna wat daga wurin abokina, gobe zan auna abin da suwic ɗin da AP biyun ke ci tare kafin in san girman da zan nema. Kuma har yanzu ban liƙa wa kebul ɗin lamba ba, dukansu shuɗaye ne, jiya na zare na ɗakin baya ina zaton na talabijin ne.